Filin Tambaya da Amsa: Manhajar kyauta ko ta biya, a wacce ya kamata a zuba jari?

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk daga Jos suka zo, kuma kan abu ɗaya suke zagayawa. Masu kuɗi na ɗari-ɗari da harkar kallo da sauraro ta intanet, wasu don an ce musu manhajar kyauta ce, wasu kuma don an ce sai mai kallo ya biya. Mun zaɓi guda biyar.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da kayan masarufi a Terminus. Ɗan ƙanena da abokansa biyu sun haɗa manhajar kallon fina-finan Hausa a waya, suna so in sa naira miliyan 25. Sun ce kallo kyauta ne, da talla za a ci riba. Abokin kasuwancina ya ce kada in sa ko kwabo sai in masu kallo za su riƙa biya duk wata. Wa ke da gaskiya? — Wani Alhaji, Bauchi Road

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kafin a zo ga maganar kyauta ko biya, ka sa yaran su rubuta maka abu ɗaya a takarda: nawa awa ɗaya ta kallo take ci musu?

Dalilin tambayar shi ne, kallo ta intanet ya sha bamban da talabijin. Tashar talabijin in ta kunna na'urar watsawa, ko mutum goma ke kallo ko miliyan, man janareta ɗaya za ta ƙona. A intanet kuwa kowane mai kallo nasa kwafin ake tura masa daban, kuma kowane kwafi kuɗi ne. Bidiyo mai matsakaicin kyau, wanda ake kira 480p, yana tafiya da kusan megabit 1 a daƙiƙa, wato megabait 450 a awa. In aka ɗaga shi zuwa 720p a megabit 2.5, awa ɗaya ta haura gigabait 1.1. Mutumin da ke kallon awa 20 a wata a kan 480p ya ja gigabait 9 ke nan.

Wannan gigabait 9 sau biyu ake biyansa. Mai kallo ya biya kamfanin layinsa kuɗin data, su kuma masu manhaja su biya kamfanin da ke ajiye musu fina-finan yana rarrabawa, abin da 'yan sana'a ke kira CDN. Da dala ake biyan waɗannan kamfanoni, kuma farashin turawa zuwa Afirka na cikin masu tsada. Mu ƙaddara dala tana naira 1,500 don sauƙin lissafi. In sun sami farashin senti 2 kan gigabait, mai kallo ɗaya zai ci musu naira 270 a wata. In senti 6 ne, naira 810. Masu sayarwa da minti ma akwai: tsarin Stream na Cloudflare dala 1 ne kan kowane minti 1,000 da aka kalla, wato awa 20 ɗin nan ta zama naira 1,800.

Yanzu ga talla. A ce suna sa talla shida a kowace awa, kuma a ce duk sun sayar da su, abin da ba kasafai yake faruwa ga sabuwar manhaja ba. Awa 20 ta ba da talla 120. In mai talla na biyan naira 1,500 kan kowane kallo 1,000, mai kallon nan ya kawo naira 180. An kashe masa 270 ko 810, ya kawo 180. To a irin wannan tsari farin jini shi ne masifar. In Allah ya ba su masu kallo 100,000, kuɗin turawa kawai zai kama daga naira miliyan 27 zuwa miliyan 81 a wata, ba a yi maganar sayen fim ko albashi ba. Miliyan 25 ɗinka ba za ta ga ƙarshen watan ba. Alkaluman tallar misali ne muka kawo, su kawo nasu na gaskiya, amma da wannan sikeli za ka auna su.

Za su ce maka ai YouTube kyauta ce kuma tana cin riba. Haka ne, sai dai Google ce ta saye ta a 2006 kan dala biliyan 1.65, kuma Google na da nata wayoyin ƙarƙashin teku, da rumbunan ajiya a ƙasashe, da kasuwar talla mafi girma a duniya. Za su kawo Spotify. Ita ma a duba ta da kyau: a ƙarshen 2024 tana da masu amfani miliyan 675, miliyan 263 daga ciki masu biya ne, kuma kusan kashi tara cikin goma na kuɗin shigarta daga masu biyan yake fitowa. Sashen kyauta ƙofar shiga ce kawai. Duk da haka, ta fara aiki a 2008, ba ta rufe cikakkiyar shekara da riba ba sai 2024. Netflix ta gwada tsarin kyauta a Kenya a 2021, ta rufe shi a 2023.

Sai dai abokinka ma kada ya yi saurin murna, don biyan wata-wata na da nasa ramin. A ce kuɗin wata naira 1,500 ne. Harajin VAT na kashi 7.5 zai ɗauke kusan 105. In ta Google Play aka biya, kashi 15 ya tafi, kusan 225. In ta irin su Paystack ne a shafinsu, kashi 1.5 ne. A cire kuɗin turawa. Abin da zai saura yana tsakanin naira 360 da 1,100, kuma daga ciki za a biya masu fim. Sannan ga masu sulalewa. In cikin kowane mutum 100 ana rasa 30 duk wata, matsakaicin zaman mai biya wata uku da 'yan kwanaki ne. In ribar kansa 700 ce a wata, duk abin da zai kawo a zamansa kusan naira 2,300 ne. Idan an kashe 3,000 a talla kafin a jawo shi, asara aka saya. Yawancin sulalewar nan ma ba fushi ba ne, ranar cire kuɗi ce ta zo katin ba komai a ciki. Shi ya sa tikitin kwana ɗaya ko na mako, wanda ake biya ta tiransifa ko USSD, ya fi dacewa da aljihun mutanenmu, waɗanda datar ma ta kwana ko ta mako suke saye. Kada a manta kuma a farkon 2025 aka amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har kashi 50, kuma mai kallo da kuɗin datar yake haɗa lissafinsa.

Yawan jari ba ya rufe wannan rami. Quibi ta Amurka ta tara dala biliyan 1.75, ta buɗe a Afrilun 2020, kafin shekarar ta ƙare ta rufe. A gida kuma iROKOtv ta Jason Njoku daga YouTube ta taso, ta sami dala miliyan 8 daga Tiger Global a 2012, ta koma tsarin biya, ta sha fama da kasuwar cikin gida. Abin lura shi ne, ɓangarenta na shirya fina-finai, ROK, shi Canal+ ta Faransa ta saya a 2019. Fina-finan ne suka yi daraja a idon mai saye.

Ra'ayinmu, Alhaji: kallon kyauta a bar shi a kan YouTube, inda Google ke ɗaukar kuɗin turawa kuma take ba mai tasha kashi 55 na kuɗin tallar dogayen bidiyo, bayan tashar ta cika mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Manhajarsu kuma ta zama ta biya, a sa mata abin da babu shi a waje, kamar fitowar sabon kashi mako guda kafin ya hau YouTube. Kada ka ba da kuɗin a dunƙule. Ka ware kaɗan na gwajin wata uku, ka ce su kawo maka adadin waɗanda suka biya, da adadin waɗanda suka sake biya a wata na biyu da na uku, da takardar kuɗin CDN ta kowane wata. Yawan waɗanda suka sauke manhajar ba hujja ba ce, saukewa ba ta cin ko sisi.

Kuma tunda harka ce ta gida, a nan aka fi yin sakaci. A yi wa kamfani rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a rubuta kason kowa. Asusun Google Play, da sunan shafin, da rubutun manhajar kansa, duk su kasance da sunan kamfani, kada su zauna a imel ɗin yaro ɗaya. Kowane fim a sami takardar yarjejeniya da mai shi, wadda ta faɗi tsawon lokaci, da ƙasashen da za a nuna, da ko an hana shi ba wa wani. Zumunci ya fi daɗewa in an rubuta.

TAMBAYA: Muna da ɗan sutudiyo a Anguwan Rogo, muna yaɗa tafsiri da walima da taruka kai-tsaye a Facebook da YouTube. OBS muke amfani da ita. Wani bawan Allah zai sa mana jari, amma ya ce abin da aka samu a banza ba na sana'a ba ne, shi ya sa hotonmu ke tsinkewa, sai mun sayi vMix. Da gaske ne? — Wani matashi mai ɗaukar hoto

AMSA: Ɗan'uwa, ka gaishe da mai jarin, ka ce masa araha ba ta ado a kasuwar atamfa, amma a manhaja maganar ba ta zauna ba. OBS Studio manhajar naɗa da watsa bidiyo kai-tsaye ce, buɗaɗɗiya, wato rubutunta a fili yake kowa na iya ɗauka kyauta, ta fito tun 2012, manyan kamfanonin harkar na tallafa mata da kuɗi, kuma ƙwararru a duniya da ita suke aiki. vMix ma manhaja ce mai kyau, a Windows kawai take aiki, lasisinta daga dala 60 har 1,200. Amma in intanet ɗinku ne ke da rauni, da OBS da vMix tsinkewa ɗaya za su yi.

Ga yadda za ku gane mai laifin. A cikin OBS akwai tagar ƙididdiga, kuma tana raba ɓacewar hoto gida uku. Na farko hotunan da suka zube saboda hanyar sadarwa, wannan laifin intanet ne. Na biyu jinkirin matse bidiyo, wato kwamfutar ta gaza matsewa a kan lokaci. Na uku jinkirin zana hoto, wato katin hoton kwamfutar ya cika da aiki. Ku buɗe tagar yayin da kuke watsawa, ku ga wanne ke hawa.

In na farko ne, ku gwada ƙarfin turawa na layinku, ba na saukewa ba, domin mutane da yawa lambar saukewa suke dubawa su yi murna. Ku gwada a wurin taron kuma a daidai lokacin taron. Layin da ke ba da megabit 8 da hantsi yana iya faɗowa 2 bayan sallar isha'i, ko lokacin da jama'a suka cika masallaci kowa da wayarsa a kan turke ɗaya. Ƙa'idar ita ce kada nauyin bidiyonku ya wuce rabin abin da gwajin ya nuna. Ga 720p mai hoto 30 a daƙiƙa, ku sa kilobit 2,500 a tsarin CBR, wato nauyi tsayayye da ba ya hawa da sauka, tazarar babban hoto (keyframe) daƙiƙa 2, sauti AAC a kilobit 128. Wannan na bukatar layi mai megabit 5 tsayayye. In babu, ku sauka 480p a kilobit 1,000 zuwa 1,200. Mai sauraren tafsiri zai yafe hoto mai ɗan dishi-dishi, amma ba zai zauna kan muryar da ke yankewa ba. Ku haɗa kwamfuta da rauta ta waya maimakon Wi-Fi, ku ɗaga rautar kusa da taga, ku riƙe layin wani kamfani daban a gefe. Kuma in kuna tura wa Facebook da YouTube a lokaci guda daga kwamfuta ɗaya, kun ninka nauyin ke nan.

In na biyu ne, ku sauya mai matsewa daga x264, wanda ke hawa kan ƙwaƙwalwar kwamfuta, zuwa na cikin katin hoto, NVENC in katin NVIDIA ne, ko QuickSync in Intel ne. Ku tabbata kwamfutar na jone da wuta, domin laftof da yawa na rage ƙarfinsu da zarar sun koma kan batir.

Sauran matsalolin da ake ɗora wa manhaja ba nata ba ne. Ƙugin da ke shiga sauti in an tada janareta yawanci daga haɗin wuta ne, mikza a soket ɗaya kwamfuta a wani. Ku haɗa su a layi ɗaya, ko ku sa 'yar na'urar kashe ƙugi (ground loop isolator) tsakanin mikza da kwamfuta. In baki na motsi kafin murya ko bayanta, akwai wurin daidaita jinkirin sauti, yawanci sauti ne ke riga hoto, sai a jinkirta shi da 'yan ɗaruruwan milisakan. Ku sa komai a kan 48 kHz, don in na'ura ɗaya na 44.1 sautin na iya zamewa a hankali cikin doguwar lacca. Wajen naɗi kuma ku zaɓi tsarin fayil na MKV. Tsohon tsarin MP4 in wuta ta ɗauke kafin a rufe fayil, duk naɗin na iya lalacewa, MKV kuwa abin da aka naɗa yana nan, daga baya OBS ta mayar muku da shi MP4 cikin 'yan daƙiƙu.

Yaushe vMix ta cancanci kuɗinta? In kuna aikin ƙwallo kuna bukatar maimaita ƙwallon da aka ci nan take, ko kuna shigo da baƙi da yawa daga nesa, ko kuna son kamfanin da za ku rubuta wa in abu ya lalace. Tana da gwajin kwana 60 kyauta, ku gwada a wurin aiki ku gani da idonku. In kuɗin mai jarin ƙayyadadde ne, mu dai inbata da batir, da makirfo mai kyau, da layi na biyu za mu fara saye. Abu ɗaya da muke hana ku da babbar murya shi ne vMix ɗin da aka fasa, irin wadda ake turawa a filas. Ta irin waɗannan fayiloli ake sace shigar tashoshin YouTube, a wayi gari tashar da aka yi shekaru ana ginawa tana hannun wani.

TAMBAYA: Ni mai rubuta manhaja ce. Na gina dandalin darussan bidiyo na makarantu a kan FFmpeg da wasu buɗaɗɗun manhajoji. Masu jari biyu sun ce min tunda tubalan kyauta ne kowa zai iya kwaikwaya, don haka ba abin da za su saya. Me zan ce musu? — Wata Malama, Rayfield

AMSA: Malama, tsoron nasu yana da asali, gara ki san shi. A 1995 kamfanin da ya zama RealNetworks ya fito da RealAudio, ya yi zarra a sauraro da kallo ta intanet. Yana raba manhajar kallo kyauta, yana sayar da mai ƙarin fasali, yana kuma sayar wa tashoshi manhajar saba, wato kwamfutar da ke tura wa jama'a shirin ta intanet. Sai Microsoft ta cusa Windows Media Player cikin Windows ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Tarayyar Turai ta ci Microsoft tarar yuro miliyan 497 a 2004, wannan cusawar na cikin dalilai, kuma a 2005 Microsoft ta yi sulhu da RealNetworks kan dala miliyan 761. Kuɗi sun shigo, amma kasuwar ba ta dawo ba. Tun daga lokacin masu jari suka riƙe darasin cewa duk wanda abin sayarwarsa manhajar kunna bidiyo ce kawai, ranar da wani babba ya raba irinta kyauta ya gama da shi. Yau ga VLC kyauta, ga kowace burauza na kunna bidiyo da kanta.

Amma darasin bai ce ba a gina kasuwanci a kan tubalin kyauta ba. Streamlabs a kan OBS ta gina manhajarta, Logitech ta saye ta a 2019 kan kusan dala miliyan 89. A shekarar dai F5 ta sayi NGINX kan dala miliyan 670, IBM kuma ta sayi Red Hat kan dala biliyan 34, dukansu kamfanoni ne da aka gina a kan buɗaɗɗiyar manhaja. FFmpeg ɗin da kike amfani da ita, manhajar sarrafa bidiyo da sauti wadda Fabrice Bellard ya fara a 2000, tana ƙunshe a cikin manhajojin bidiyo marasa adadi, na kyauta da na kuɗi. Da kin ce za ki rubuta taki daga tushe, wannan ne ya kamata ya tsorata mai jari.

Don haka ki daina nuna musu manhajar, ki nuna musu abin da mai kwaikwaya ba zai samu cikin wata uku ba: makarantu nawa suka sa hannu, na shekara nawa, nawa suka sabunta, darussa awa nawa kika naɗa kuma mallakar wa ne, da yadda dandalin ke aiki a makarantar da intanet ke zuwa yana tafiya. In kina da tsarin da ɗalibi zai sauke darasi da dare ya kalla da rana ba data, wannan ya fi kowace ƙawa daraja a nan Filato. Kuma makaranta mai biya zango-zango ta fi ɗaiɗaikun masu kallo tabbas nesa ba kusa ba.

Sai ki gyara takardunki na lasisi, don lauyan mai jari nan zai fara leƙawa. Ki jera duk tubalin da kika ɗauka da irin lasisinsa. Masu MIT da BSD da Apache ba su da takura sosai. FFmpeg a asali lasisinta LGPL ne, mai sassauci, amma in aka haɗa ta da x264 ta koma GPL, wanda ke tilasta wa mai rarraba manhaja ya buɗe rubutunsa. In a sabarki kawai take aiki, ba ki raba wa kowa ita ba, GPL ba ta tilasta miki buɗe rubutunki. In kuwa kin cusa ta cikin manhajar da mutane ke saukewa a waya, hukuncin ya sauya. AGPL, irin ta PeerTube, ta fi tsauri: in kin yi gyara kuma jama'a na amfani da ita ta intanet, sai kin ba su rubutun gyaran. Akwai kuma haƙƙin ƙirƙira na tsarin matse bidiyo na H.264, wanda daban yake da lasisin manhaja. A 2010 an yafe wa bidiyon da ake kallo kyauta a intanet kuɗin wannan haƙƙi, a tsarin lokacin kuma dandalin biya sai ya haura masu rajista 100,000 kafin kuɗin ya hau kansa. Tunda bayanan yara kike riƙewa, ki duba dokar kare bayanan sirri ta 2023 ma.

Wata fa'ida da za ki faɗa musu: buɗaɗɗen tubali ba ya mutuwa da mai shi. Da Emby, wata manhajar ajiyewa da nuna bidiyo, ta rufe rubutunta a 2018, masu amfani suka ɗauki na baya suka ci gaba da sunan Jellyfin. Waɗanda suka gina komai a kan Flash kuwa, rufaffiyar manhajar kunna bidiyo a burauza, da Adobe ta daina tallafa mata a ƙarshen 2020, sai da suka sake gini.

TAMBAYA: Ina so in sa kuɗi a wani shiri mai dogon zango da za a riƙa sayarwa a manhaja. Tsorona masu tura fina-finai a waya. An ce akwai makullin da ke hana kwafa. — Wata Hajiya, Bukuru

AMSA: Akwai, Hajiya, ranki ya daɗe, amma rage ɓarna yake yi. A Android sunansa Widevine, na Google, a iPhone kuma FairPlay. Widevine hawa-hawa ne. L1 a cikin ƙarfen wayar yake, yana da wuyar fasawa. L3 manhaja ce zalla, an sha fasa ta, kuma wayoyi da yawa masu araha ita suke da ita. In aka ce sai mai L1 zai kalla, an kori kaso mai yawa na masu saye. Ko an toshe komai, mai waya biyu zai kafa ɗaya a gaban ɗaya ya naɗa, gobe shirin na yawo ta Xender.

Abin da ya fi aiki shi ne a riƙa yawo da lambar mai rajista a kan hoton, tana sauya wuri, yadda in kwafi ya fita za a san asusun da ya fitar a rufe shi. A taƙaita kowane asusu ga waya ɗaya ko biyu. A sa farashin da bai yi nisa da abin da mai turawa ke karɓa ba in an haɗa da wahalar zuwa shagonsa. Kuma a gina lissafin a kan cewa kuɗin kowane kashi a kwanakin farko ake samunsa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba da damar aika takardar a sauke abin da aka sata daga shafi, sai dai ba ta kai hannu cikin memorin wayar mutane. In mai shirin ya ce miki nasa makullin ba ya fasuwa, ki rage kuɗin da kika yi niyya.

TAMBAYA: Ƙungiyarmu ta manoman dankali da kayan lambu na son buɗe rediyon intanet. Wani ya kawo mana tsarin biya duk wata, wani ya ce da Icecast kyauta ne. Masu ba da gudunmawa sun rabu biyu. — Sakataren ƙungiya, Farin Gada

AMSA: Malam Sakatare, a rediyo lissafin ya fi sauƙi, don sauti ba shi da nauyi. A kilobit 64, mai sauraro ɗaya na jan kusan megabait 29 a awa. Mutum 500 a lokaci guda na bukatar saba mai iya tura megabit 32 a daƙiƙa, kuma suna cin gigabait 14.4 a awa. Da za su zauna dare da rana wata guda, an haura terabait 10, amma ba a yin haka, ku yi lissafi da awannin da jama'a ke taruwa, kamar bayan asuba lokacin faɗin farashin kasuwa. Ga magana zalla, kilobit 32 zuwa 48 a tsarin AAC ko Opus ya wadatar, kuma ya rage wa manomi cin data da kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabi.

Icecast, manhajar da ke rarraba sauti ga masu sauraro, kyauta ce, haka BUTT da ke tura sauti daga sutudiyo, haka AzuraCast da ke jera shirye-shirye tana kunnawa in ba kowa. Abin da za ku biya shi ne hayar saba, yawanci da dala, da kuma mutumin da zai kula da ita. Masu tsarin biyan wata sau da yawa irin waɗannan manhajojin suke kunna muku, ladan kulawa kuke biya. In kuna da wanda ya iya Linux kuma zai ɗaga waya ranar Lahadi da dare, ku yi da kanku. In babu, ku biya, amma ku tambayi iyakar masu sauraro a lokaci guda da abin da ke faruwa in an haura ta.

Ko wanne kuka zaɓa, ku sa a saita madadin tasha, yadda in wuta ko intanet ya yanke a sutudiyo saba za ta koma kan shirin da aka naɗa maimakon ta watsar da masu sauraro. Ku tabbata adireshin sautin na https ne, domin in shafinku https ne sautin kuma http, burauza na iya ƙin kunnawa, ku yi ta neman laifi a mikza. Waƙoƙi kuma suna da masu su ko rediyon ba ya karɓar kuɗi, don haka ku nemi izini a rubuce kafin ku sa, ko ku tsaya kan shirye-shiryen da kuka naɗa da kanku.